Shin in bar gaban na'ura in koma sashen saye a kamfanin jiragen sama?

Assalamu alaikum. Ni injiniya ne ɗan shekara 33. Na yi digirin farko a wata jami'a a arewacin Najeriya, sannan na zo Ingila na yi na biyu a fannin ƙere-ƙere. Yau shekara huɗu ke nan ina aiki a wata ƙaramar masana'anta a tsakiyar ƙasar, inda muke sassaƙa ƙananan sassan injin jirgin sama. Aikina shi ne tsara yadda za a ƙera kowane sashe, da rubuta umarnin da na'urori za su bi, da gano dalili idan kaya ya kauce wa ma'auni. Kwanan nan babban kamfanin da muke kai wa kaya ya yi mini tayin aiki a sashensa na saye da kula da masu kawo kaya. Albashin ya ɗara nawa na yanzu sosai, amma an ce zan riƙa kwana biyu ko uku a waje kusan kowane mako, wani lokaci har ƙasashen ƙetare.

Mahaifina, wanda ya yi shekaru yana gyaran injuna a wata masaƙa a Kaduna kafin a rufe ta, bai ji daɗin labarin ba. Ya ce shi ya tura ni in zama mai ƙera abu, ba dillali ba, kuma a iya saninsa ofishin saye wurin cin haram ne. Mai ɗakina ba ta ce kada in karɓa ba, amma tun da na gaya mata ta yi shiru. 'Ya'yanmu biyu ƙanana ne, ba mu da kowa a nan, kuma tana shirin jarrabawar da za ta ba ta damar yin aikin jinya da ta karanta a gida. Ga kuma maigidana na yanzu, wanda ya ɗauki nauyin bizata lokacin da na rasa mai ɗauka. Ina jin kunyar barinsa, balle wata rana in dawo ina duba masa aiki. Ni kaina ina tsoron kada sana'ata ta zube in koma mai buga waya da cike takardu. An ba ni mako biyu in ba da amsa. Don Allah a ba ni shawara.

Wani injiniya, daga Ingila

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Injiniya. Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma abin da ya fara bayyana gare ni shi ne duk mutanen da ka lissafa masu ƙaunarka ne, babu mai adawa da ci gabanka a cikinsu, kowa dai da abin da yake jiye maka ko yake jiye wa kansa. Shi ya sa lamarin ya yi maka nauyi. Ba zan ɓoye maka inda na karkata ba: ina ganin tayin nan ya cancanci ka karɓa, amma sai ka tabbatar da wane irin aiki ne a zahiri, kuma sai kun zauna da mai ɗakinka zama na gaske, domin ita ce za ta ɗauki rabin nauyinsa ba tare da sunanta ya fito a takardar albashi ba.

Mu fara da aikin kansa, tunda fargabarka da ta Baba duk a kansa suka rataya. Kamar yadda ka sani, manyan kamfanonin haɗa jirage irin su Airbus da Boeing, da masu ƙera injuna irin su Rolls-Royce da Safran, ba su ne ke ƙera galibin abin da ke jikin hajarsu ba. Suna zanawa, suna haɗawa, suna gwadawa, amma mafi yawan sassan daga dubban masana'antu irin taku suke fitowa, kuma kowace masana'anta tana da nata masu kawo mata ƙarfe da masu gasa mata shi a tanderu da masu yi masa rufi. A cikin sashen saye akwai mutane iri biyu waɗanda aikinsu ya sha bamban, ko da kuwa a ofis ɗaya suke zaune. Akwai mai ciniki, wanda ke neman farashi, ya tsara kwantiragi, ya bibiyi oda da biyan kuɗi. Akwai kuma injiniyan da ake turawa cikin masana'antar mai kawo kaya, ya tsaya a gaban na'urarsu, ya duba ko hanyar da suke bi za ta iya fitar da sashe dubu iri ɗaya ba tare da kauce wa zane ba, ya amince da binciken samfurin farko bisa ƙa'idar AS9102 ko ya ƙi amincewa, ya lissafa ko injunansu da ma'aikatansu za su iya ɗaukar ƙarin odar da suka yi alkawari, sannan idan kaya ya ɓaci ya zauna tare da su har a gano tushen matsalar. Wannan na biyun injiniyanci ne tsantsa, kuma wanda bai taɓa kwana yana neman dalilin da ya sa rami ya fita daga ma'auni ba, ba zai iya shi ba, domin masu masana'anta suna gane wanda ya san aiki tun daga tambayarsa ta farko.

Ina so ka ga girman wannan kujera daga abin da ya faru a bainar jama'a. Lokacin da Boeing ya tsara jirgin 787, ya raba manyan sassansa ga kamfanoni a Japan da Italiya da wasu jihohin Amurka, da zaton cewa za su zo a kammale a haɗa su cikin kwanaki kaɗan. Sassan farko sun iso da sauran aiki a jikinsu, jirgin da aka yi alkawarin miƙawa a 2008 bai kai hannun mai saye na farko ba sai a watan Satumba na 2011, kuma a tsakani sai da Boeing ya sayi masana'antar wani mai kawo masa kaya a jihar Karolina ta Kudu a 2009 don ya shawo kan lamarin. A ranar 5 ga Janairu 2024 kuma, marfin da ke toshe gurbin ƙofa ya fice daga jikin wani sabon jirgin Boeing ƙirar 737 na kamfanin sufurin Alaska jim kaɗan bayan tashinsa daga birnin Portland na Amurka, jirgin da bai cika wata uku da fara aiki ba. Binciken hukumar NTSB, mai binciken haɗurran sufuri a Amurka, ya nuna cewa gangar jikin ta zo daga kamfanin Spirit da ke Wichita da wasu ƙusoshi masu lahani a kusa da gurbin, aka buɗe marfin a masana'antar Boeing da ke Renton don a gyara su, aka mayar da shi ba tare da notuna huɗun da ke riƙe shi ba, kuma ba a rubuta takardar da za ta sa wani ya sake dubawa ba. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka ta ƙayyade wa Boeing a lokacin ƙera irin wannan jirgi 38 kacal a wata, kuma a watan Yuli na shekarar Boeing ya amince ya sake sayen Spirit, wanda daga jikinsa aka yanke shi a 2005. Ka lura da inda ɓarakar ta auku: a daidai mahaɗar mai kawo kaya da mai haɗa jirgi, wato wurin da ake so a ajiye ka.

Akwai kuma abin da ya faru a ƙasar da kake zaune. A 2023 aka gano cewa wani kamfanin dillancin kayan gyara da ke Landan, AOG Technics, ya sayar da dubban sassan injin CFM56 da takardun shaida na jabu, har sai da kamfanonin sufuri a ƙasashe daban-daban suka sauke injuna don bincike. Ma'aikatan gyara a Fotugal ne suka fara lura cewa sashen da takarda ta ce sabo ne, jikinsa ya nuna ya yi aiki. Idon mai sana'a ne ya ƙaryata takarda, kuma irin wannan idon ne kamfanin da ya neme ka yake son ya saya.

Ta fuskar kasuwa ma aikin yana da gaba. Airbus ya miƙa jirage 766 a 2024, alhali odar da ke jiransa a ƙarshen shekarar ta haura 8,600, wato aikin fiye da shekara goma a wannan gudun. Abin da ke riƙe masana'antar shi ne kayan zubi da na ƙira da injuna da kujeru waɗanda ba sa isowa a kan lokaci, ga kuma neman sababbin hanyoyin samun titaniyam tun da Boeing ya dakatar da saye daga Rasha a 2022. Ko Rolls-Royce, lokacin da ya sanar da rage ma'aikata har 2,500 a watan Oktoba na 2023, a cikin sanarwar ya ce zai haɗe harkar saye da kula da masu kawo kaya a sashe guda mai ƙarfi. Amma kada ka manta cewa sana'ar jirage tana hawa da sauka, domin a 2020 Rolls-Royce ya sanar da rage mutum 9,000, Airbus kuma 15,000, saboda haka girman kamfani ba ya hana sallama idan iska ta juya.

Duk da haka, tsoronka na komawa mai buga waya da cike takardu yana da tushe, kuma ba na so ka raina shi. A kamfanoni da yawa ana ɗaukar injiniya da sunan inganta masu kawo kaya, amma da zarar kaya ya makara kuma layin haɗi ya tsaya, sai a mayar da shi ɗan aike mai tambayar yaushe kaya zai fito, safe da yamma, har shekara ta wuce bai taɓa ma'auni ba. Sunan muƙamin ba zai gaya maka wanne ne naka ba, tambaya ce za ta gaya maka. Ka nemi ganawa ta biyu da wanda zai zama shugabanka kai tsaye, ka tambaye shi shin shi injiniya ne ko ɗan ciniki, kuma da me za a auna ƙoƙarinka a ƙarshen shekara: da rage farashi da isowar kaya kawai, ko har da raguwar kayan da ake mayarwa? Ka tambaya masana'antu nawa za a ɗora maka, domin wanda aka ba shida zai iya sanin kowace na'ura a cikinsu, wanda aka ba arba'in kuwa sai dai ya san lambar wayarsu. Ka tambaya ko za ka shiga tun daga tsara sabon sashe bisa ƙa'idar AS9145, da binciken ayyuka na musamman irin su gasa ƙarfe da walda waɗanda shirin duba inganci na Nadcap ke tantancewa, ko sai bayan abu ya ɓaci za a kira ka. Tambayar da ta fi kowacce nauyi a wurina ita ce: idan ka ga kaya bai cika ƙa'ida ba, kana da ikon hana shi fita, kuma wa yake da ikon soke maganarka? Daga nan ka roƙi a haɗa ka da wani da ke yin aikin yanzu, ka ce ya ba ka labarin makonsa na jiya dalla-dalla. Kamfanin da ya ga waɗannan tambayoyi sun yi yawa ya riga ya ba ka amsa.

Ko aikin ya zama na kirki, akwai abin da za ka rasa, kuma gara ka shiga da saninsa. Hannunka a kan rubuta umarnin na'ura zai yi sanyi bayan 'yan shekaru, kuma daɗin da kake ji idan sashen da ka tsara ya fito daidai a karon farko zai ragu, domin yanzu nasarar ta wasu ce, kai mai taimako ne. Abin da za ka samu a madadinsa shi ne faɗin gani, domin a shekara uku za ka shiga gidajen zubi da na ƙira da na rufi da na gwaji waɗanda mai zama a masana'anta ɗaya ba zai gani ba a shekara ashirin, kuma daga irin waɗannan mutane ake zaɓen shugabannin masana'antu. Don kada ƙofar komawa ta rufe, ka fara neman rajistar cikakken injiniya ta Birtaniya, wadda ake kira CEng, ta hannun ƙungiyoyin injiniyoyi irin su IMechE ko IET ko ƙungiyar masana jirage ta RAeS tun yanzu, lokacin da hujjojin aikinka na hannu suke sabo, kuma ka sa biyan kuɗinta cikin abin da za ka nema a wurin sabon kamfanin. Takardar shaidar ƙwarewa a harkar saye ta CIPS tana da amfani, amma babu gaggawa a kanta, sai idan daga baya ka ga zuciyarka ta karkata ga ɓangaren ciniki.

Maganar Baba kuma, ina roƙonka kada ka ɗauke ta a matsayin rashin fahimtar tsoho. Mutumin da ya ga masaƙun Kakuri suna aiki dare da rana, sannan ya ga an garƙame su ɗaya bayan ɗaya, yana da dalilin ganin darajar mai ƙera abu, kuma yana da dalilin zargin ofisoshin da kuɗi ke bi ta cikinsu. Da ya tura ka karatu, wani ɓangare na burinsa shi ne sana'ar da aka katse masa ta ci gaba a hannunka. Saboda haka kada ka fara masa da maganar albashi, domin ita ce za ta tabbatar masa da abin da yake tsoro. Ka shiga masa ta sana'arsa: ka tambaye shi sau nawa injin saƙa ya tsaya masa saboda an sayo kayan gyara marar kyau, kuma da a ce an tura makaniki irinsa wurin masu ƙera kayan tun kafin a sayo, me zai canja? Ka ce masa wannan makanikin ake so ka zama, sai dai a nan abin da zai tsaya yana sama da mutane a cikinsa. Idan akwai wani baffa ko aminin Baba da ya yi aikin masana'anta, ka fara fahimtar da shi ya taya ka. Ka nemi albarkarsa da ladabi, ka kuma ba shi lokaci, domin ba lallai ne ya sauko a waya ɗaya ba.

Abin da ya faɗa game da haram kuwa, ka riƙe shi da hannu biyu. Dokar hana cin hanci ta Birtaniya ta 2010 tana hukunta mai bayarwa da mai karɓa, kuma ɗaurin yana iya kai wa shekara goma. Rolls-Royce ya biya fam miliyan 671 a 2017, Airbus kuma yuro biliyan 3.6 a 2020, don sasanta tuhumar cin hanci, ko da yake waɗancan a ɓangaren sayarwa ne ta hannun 'yan tsakiya, kuma tun daga lokacin manyan kamfanoni suka tsananta wa ma'aikatansu kan kyauta da liyafa. Ka karanta ƙa'idar kamfaninka, ka rubuta duk abin da aka ba ka komai ƙanƙantarsa a rajistar da aka tanada, kuma abin da ka ji ba za ka so shugabanka ya gani ba, ka mayar da shi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai a ganina jarrabawar da za ta fi zuwa maka ba ta ambulan ba ce. Za ta zo ne da yammacin ƙarshen wata, kaya yana bakin ƙofa, ma'auni ɗaya ya kauce kaɗan, mai masana'anta yana cewa albashin mutanensa ya dogara da fitar kayan, ofishinku kuma yana kira cewa layin haɗi zai tsaya, kowa yana jiran sa hannunka. Akwai halattacciyar hanya ta neman sassauci, wadda ake rubutawa a aika wa injiniyoyin zane su yanke hukunci, kuma ita kaɗai za ka bi ko da za a ji haushinka. Idan ka san halinka ba ya jure ɓacin ran mutane, ka auna wannan da kyau kafin ka amsa.

Yanzu ga wadda ta fi kowa haƙƙi a cikin wannan shawara. Shirun mai ɗakinka ba yarda ba ce, kuma mai yiwuwa ba ƙi ba ne. Ya fi kama da shirun macen da ba ta son a ce ita ta tare wa mijinta arziki, alhali ta riga ta lissafa dararen da za ta yi ita kaɗai da yara biyu a ƙasar da babu kaka, babu inna, babu maƙwabciyar da za a miƙa wa yaro. Ta bar aikinta ta biyo ka, kuma jarrabawar rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, wato NMC, ita ce hanyarta ta dawo da abin da ta ajiye. Idan ka tambaye ta ko ta yarda, za ta ce duk yadda ka gani, kuma ba ka ji komai ba ke nan. Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ka fara da faɗa mata cewa ba ka yanke hukunci ba kuma ƙin karɓa yana cikin abin da za ka iya yi da zuciya ɗaya, sannan ka tambaye ta wace rana ce a mako za ta fi yi mata wuya idan ba ka nan, da abin da take tsoron zai sami karatunta. Ka saurara har ta gama, ko da ta faɗi abin da ba ka so ji ba.

Daga nan ku ɗauki takarda ku yi lissafi tare. Ƙarin albashin da ya burge ka, ku cire masa haraji, ku cire kuɗin gidan renon yara na ranakun da ba ka nan, wanda ka san tsadarsa a Ingila kuma galibin tallafin gwamnati ba ya kai wa masu irin bizarku, sannan ku ga abin da ya rage. Ku kuma hango gaba kaɗan, domin idan ta ci jarrabawa ta fara aiki, ma'aikatan jinya a asibitocin ƙasar suna yin dogon zama har da na dare, kuma gida ɗaya ba zai ɗauki uba a otal da uwa a asibiti a dare guda ba sai da tsari. Abubuwa da dama a nan ana iya nema a wurin kamfani kafin ka sa hannu, lokacin da kake da ƙarfin magana: a ɗaga ranar fara aikinka zuwa bayan jarrabawarta, a ba ka masana'antun da za ka iya zuwa da mota ka dawo a wuni ɗaya a shekarar farko, a riƙa sanar da kai tafiya da wuri, kuma a yarda ka yi aiki daga gida a ranakun rubuta rahoto. Duk abin da aka yi maka alkawari, ka ce a sa shi a rubuce. Idan bayan duk wannan ta ce ba za ta iya ba a bana, shawarata ita ce ka haƙura, domin irin wannan gurbi zai sake buɗewa, amma shekarun yaranku na farko da damarta ta komawa sana'a ba sa jira.

Batun biza yana buƙatar taka-tsantsan. Sauya wurin aiki a irin bizarka yana nufin sabon kamfanin ya ba ka tasa takardar ɗaukar nauyi, ka sake nema, saboda haka kada ka miƙa takardar barin aiki sai tayin ya zo a rubuce kuma ka san matsayin sabuwar bizar. Ka tambayi tsawon lokacin gwaji, domin wanda aka sallama ana ba shi kimanin kwana 60 ne kawai ya sami wani mai ɗaukar nauyi. Idan kana da niyyar neman zama na dindindin, ka riƙa ƙirga kwanakin da kake yi a wajen ƙasar, waɗanda bai kamata su wuce 180 a cikin kowane wata goma sha biyu ba, kuma ka sa lauya mai lasisi ya duba maka, saboda gwamnati tana yawan sauya ƙa'idojin. Ka kuma gaya musu tun yanzu cewa fasfon Najeriya gare ka, wanda ke buƙatar biza kafin shiga Faransa ko Jamus ko Amurka, kuma ka tambaya ko cikin kayan da za ka kula da su akwai na soja ko waɗanda ke ƙarƙashin dokar ITAR ta Amurka, wadda ke taƙaita wa 'yan wasu ƙasashe ganin zane. Gara a warware wannan kafin ka shiga, da a ce ka je bakin ƙofar masana'anta a hana ka wucewa.

Maigidanka ya yi maka halacci, kuma kunyar da kake ji alama ce ta tarbiyya. Amma shekara huɗu na aiki da gaskiya ba ƙaramin sakayya ba ne, kuma godiya ba ta wajabta maka zama har abada. Abin da ya wajaba shi ne ya ji daga bakinka, ido da ido, kafin ya ji a wurin abokin cinikinsa, ka cika wa'adin sanarwa, ka rubuta duk abin da ke kanka game da kowane sashe, ka kuma koyar da wanda zai gaje ka. Ka duba kwantiraginka ko akwai sharaɗin da ya shafi komawa wurin abokin ciniki ko biyan kuɗin biza. Maganar duba masa aiki kuwa tana da magani mai sauƙi: ka bayyana wa sabon kamfanin alaƙarku a rubuce, ka nemi kada a ɗora maka tsohuwar masana'antarku na wasu shekaru. Wannan ya kare ka, ya kare shi, kuma kamfanoni masu tsari da kansu suke neman a yi haka.

Idan amsoshin da ka samu suka nuna aikin bin bashin kaya ne, ko gida ya ce a dakata, ba ka rasa hanya ba. Masana'antarku ma tana aika sassa waje a gasa ko a yi musu rufi ko a gwada su, kuma za ka iya neman maigidanka ya ɗora maka kula da waɗannan ƙananan masu aiki, tare da shirya binciken ingancin aiki na kamfanin bisa ƙa'idar AS9100, ka ɗanɗani aikin kana kwana a gidanka, sannan ka san ko ya dace da kai. Za ka kuma iya gaya wa babban kamfanin cewa kana son su amma a ɓangaren ƙira, su tuna da kai idan gurbi ya samu, tunda sun riga sun nuna suna ganin ƙimarka.

Mako biyun da aka ba ka sun isa idan ka bi su da tsari, kuma neman ƙarin mako ɗaya ba laifi ba ne. Ka fara da mai ɗakinka a daren yau, domin abin da ta faɗa shi zai nuna maka sharuɗɗan da za ka kai wa kamfani. Gobe ka aika da buƙatar ganawa ta biyu, ka je da tambayoyinka a rubuce, sannan ka kira Baba bayan ka san ainihin aikin, don ka faɗa masa abin da ka tabbatar. Ka yi istihara, ku yi tare da iyalinka. Idan aka tabbatar maka kana da ikon hana kaya fita, masana'antun da za a ba ka ba su fi ƙarfin mutum ɗaya ba, kuma aka yarda ranar farawa ta biyo bayan jarrabawarta da fitowar bizarka, to ka karɓa, ka je wurin maigidanka da kanka kafin kowa ya riga ka. Allah ya zaɓa muku mafi alheri, ya ba mai ɗakinka sa'ar jarrabawa, ya kuma ƙara wa Baba lafiya.